"Sai Gobe": Yadda Muryar Gida ke Bin Ɗalibi har Teburin Karatu

Duk wanda ya leƙa harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi a makon jarrabawa, wajen ƙarfe biyu na dare, zai tarar da azuzuwa cike maƙil. Wata ta haska fitilar waya a kan handawut tana hadda, wani yana kai-komo a baranda yana maimaita abin da ya karanta, wani kuma barci ya sace shi ya kife kai a benci. Haka abin yake a ɗaya harabar da ke Gubi, haka yake a ɗakunan haya na Gwallameji. Babu wanda jarrabawar ta zo wa ba-zata. Tun makon farko na zango kowa ya san tana tafe, da yawa ma sun zana jadawalin karatu sun manna a bango. Jadawalin yana nan a bangon, ƙura ce kawai ta hau shi.

Iyaye da malamai suna kiran wannan lalaci, amma sunan bai zauna daidai ba. Malalaci hankalinsa kwance yake. Mai jan ƙafa kuwa zai wanke kayansa, ya share ɗaki, ya hau Keke Napep har Wunti don gyaran cajar da ba ta lalace sosai ba, duk don kada ya buɗe babi na biyu na furojet ɗinsa, kuma duk inda ya je abin yana cin sa a rai. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike ya tace su a 2007, ya bayyana jan ƙafa da cewa mutum ya ɗage aikin da ya yi niyyar yi, da ganin damarsa, alhali ya san ɗagewar za ta cutar da shi. Ƙiyasin da ya kawo shi ne kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantu suna yin haka, kusan rabinsu kuma abin ya zama musu ciwo. Da wannan ma'auni, ɗalibin da ke jiran sufabaiza ya dawo masa da gyara, ko wanda yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar a gida wata takwas, ko wadda ba ta da kuɗin buga aiki, ba su cikin lissafi. Nasu jinkiri ne da aka ɗora musu.

Abin da ake gudu

Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa hanya ce ta sanyaya rai na ɗan lokaci. Ɗalibi ya zauna zai buɗe littafin lissafi, sai wani abu ya tokare masa ƙirji: tsoron kada ya kasa ganewa, ko kunyar cewa ya bari lokaci ya ƙure, ko gundura tsagwaronta. Ya ce bari in duba WhatsApp minti biyar. Nan take ƙirjin ya sake. Ƙwaƙwalwa ta ɗauki darasi cewa kauce wa littafi yana kawo sauƙi, gobe kuma za ta nemi sauƙin tun kafin a zauna. Shi ya sa sayen sabon littafin tsara lokaci ba ya warkar da yawancinsu. Sun san lokaci sarai, zafin da ke zuwa tare da aikin ne ba su iya zama da shi ba.

Bashin kuma da riba ake biyan sa. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai tsawon zango guda a 1997, suka ga masu jan ƙafa sun fi kowa walwala a farkon zango, a ƙarshensa kuma sun fi kowa damuwa da yawan rashin lafiya, makinsu ya fi ƙasa. A tsarinmu ana iya lissafa asarar da alƙalami. Ɗauki kwas ɗin da aka ware maki 30 na gwaje-gwajen zango, 70 na jarrabawa. Wanda bai miƙa jinga ba, ya shiga tes da karatun dare ɗaya, ya tashi da 8 cikin 30, sai ya ci 42 cikin 70 kafin ya taɓa maki 50. Abokinsa mai 22 kuwa 28 kawai yake nema. Tun kafin a raba takardar tambayoyi wancan ya fara da rami, kuma daga irin wannan ramin ake samun kari-oba.

To, me ya sa wani ɗalibin ke iya zama da wannan zafi, wani kuma ba ya iyawa? Wani ɓangare na amsar yana gida.

Gida huɗu

Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ce ta fara kasa salon tarbiyya gida uku a shekarun 1960, daga baya Eleanor Maccoby da John Martin suka ƙara na huɗu a 1983. Tambayoyi biyu ne ke raba su: shin ana kafa wa yaro doka a tsaya a kanta? Shin ana jan sa a jiki a saurare shi?

Gidan da ke da doka babu jan jiki shi ne na "na faɗa na faɗa". Ba a tambayar dalili, kuskure yana zuwa da bulala ko gori, yabo kuma sai a tona kafin a samu. Yaron ya kawo na uku a aji, a tambaye shi su wa suka zo na ɗaya da na biyu, kai biyu gare su? Joseph Ferrari da Michael Olivette sun gano a 1994, a tsakanin ɗalibai mata a Amurka, cewa waɗanda suka siffanta ubanninsu da irin wannan tsanani sun fi jan ƙafa, wajen yanke shawara da wajen kauce wa aiki. Hanyar da abin ke bi ba ta da wuyar ganewa. Yaron da aka tsara wa komai, daga lokacin tashi har kwas ɗin da zai cike a JAMB, bai taɓa gwada tsara kansa ba. Injinsa a waje yake, a hannun Baba. Ranar da aka sauke shi a Gubi da katifa da risho, injin ya koma gida a motar da ta kawo shi. Abin da ya rage masa shi ne muryar, wadda ke tashi duk lokacin da ya ci karo da abin da bai gane ba: kai dai ba ka da kai, ga ƙanenka nan ya fi ka. Wanda buɗe littafi ke jawo masa wannan murya, ba abin mamaki ba ne in ya gwammace kallon ƙwallon Ingila.

Gidan shagwaɓa kishiyar wancan ne, ƙauna a yalwace, doka babu. Ɗan auta ko ɗan kaka da in ya ce ya gaji sai a ce bar shi ya huta, yayarsa ta ƙarasa masa jingar. Wannan bai koyi jure gundura ba, kuma rabin karatun jami'a gundura ce. Binciken da aka yi kan alaƙar wannan salo da jan ƙafa bai zo da murya ɗaya ba kamar na gidan tsanani, amma Steel ya nuna cewa saurin bin son rai yana cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da jan ƙafa. Gidan ko-in-kula, inda babu doka babu kulawa, bayaninsa gajere ne: ba wanda ya taɓa tambayar yaron ina sakamakonsa, shi ma ya daina tambayar kansa.

Na huɗu shi ne mai doka da jan jiki tare. Ana cewa a'a, amma ana faɗin dalili. Yaro ya faɗi jarrabawa, ba a yi kamar ba a gani ba, ba a kuma mayar da shi abin kwatance a tsakar gida ba. An zaunar da shi an tambaye shi ina aka samu matsala, me za a gyara. 'Ya'yan irin wannan gida su ne bincike ya fi samu da ƙarancin jan ƙafa. Sun taso sun ga cewa kuskure abu ne da ake dubawa a gyara, don haka ba sa tsoron kallon nasu.

Sai dai a yi hattara da ɗauko wannan rabe-rabe a dasa shi a Bauchi yadda yake. An gina ma'aunan ne a kan gidajen Amurka, inda uba da uwa ne kaɗai ke renon yaro, kuma ana auna ƙauna da furuci da runguma. A nan, uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, kunya take yi, kuma yaron ya san tana son sa. Takardar tambayoyi za ta iya rubuta ta a layin masu sanyin zuciya bisa kuskure. Haka kuma yaronmu yana da masu tarbiyya da yawa: goggon da ta riƙe shi, kawu, kaka, malamin Islamiyya, yayan da ke kwana da shi a shago. Uba mai zafi tare da kaka mai sanyi ba daidai yake da uba mai zafi shi kaɗai ba. Ruth Chao ta yi irin wannan gyara a 1994 game da iyaye 'yan asalin Sin, inda ta nuna cewa tsananinsu yana ɗauke da ma'anar horo da kulawa da ma'aunin bai kama ba. Amma kada mai bulala ya yi murna da wuri. Jennifer Lansford da abokan aikinta sun duba ƙasashe shida a 2005, har da Kenya, suka ga cewa inda duka ya zama ruwan dare illarsa tana raguwa, amma ba ta ɓacewa. Yaran da aka fi duka sun fi fargaba da faɗa a ko'ina.

Gyara na biyu: yawancin waɗannan bincike alaƙa suke nunawa, ba su tabbatar da cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Mai yiwuwa yaro mai nawa ne ya sa uban ya ƙara zafi. Binciken tagwaye da Daniel Gustavson da abokansa suka yi a Kolorado a 2014 ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a jan ƙafa yana da nasaba da gado. Shi ya sa za ka ga 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya ta gama furojet tun kafin a buƙata, ɗaya kuma sai daren ƙarshe. Wanda ya ɗora wa iyayensa laifin duka ya samo wa kansa sabuwar hanyar ɗage aiki ne kawai.

Sassauta wa kai

Sunan da za a ba wannan hali na sassauta wa kai ma sai an yi taka-tsantsan da shi a Hausa. Jinƙai alheri ne, jin kai kuwa girman kai ne, son kai kuma kowa ya san shi. Tausayin kai ma yakan nufi mai zaman kukan "wayyo ni". Abin da Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta bayyana a 2003, ta kuma gina masa ma'auni mai tambayoyi 26, ya fi kusa da a ce mutum ya yi wa kansa irin adalcin da zai yi wa amininsa in ya faɗi. Ta ce ƙafa uku yake tsaye a kai. Mutum ya yi wa kansa magana mai taushi maimakon zagi. Ya tuna cewa kasawa ta ɗan Adam ce, ba shi kaɗai aka ware ba. Ya kuma kalli abin da ke damunsa daidai girmansa, kada ya rufe ido, kada kuma ya bari ya haɗiye shi.

Nan ne zaren ya haɗu da gida. Neff da Pittman McGehee sun samu a 2010 cewa matasan da suka taso da goyon bayan uwa da zaman lafiyar gida sun fi iya sassauta wa kansu. Sirois kuma, a binciken 2014 da ya ƙunshi rukuni huɗu, uku daga ciki ɗalibai, ta ga masu jan ƙafa suna da ƙarancin wannan hali, kuma ƙarancin yana bayyana wani kaso na damuwar da suke ciki. Wato yadda aka yi wa yaro magana lokacin da ya fasa kofi, da ita yake yi wa kansa magana lokacin da ya ɓata mako uku bai yi karatu ba. In zagi ne, zagin yana ƙara wa littafin zafi, zafin kuma yana ƙara gudu. Da'ira ce.

Mutanenmu za su ce, in ka sassauta wa mai sakaci ai ka ba shi lasisi. Tambaya ce mai kyau, kuma an gwada ta. A Jami'ar Carleton da ke Ottawa, Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bi ɗalibai 119 'yan aji ɗaya a 2010, tsakanin jarrabawa biyu na tsakiyar zango. Waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin ta farko sun rage shi kafin ta biyu, saboda ƙuncin da suke ji game da kwas ɗin ya ragu. Juliana Breines da Serena Chen kuma sun ba ɗalibai gwajin kalmomi mai wuya da gangan a 2012. Waɗanda aka gaya wa cewa gwajin yana ba mutane da yawa wuya, kada su tsananta wa kansu, sun fi daɗewa suna bita kafin gwaji na biyu. Sassaucin bai kashe himma ba, ya cire ƙayar da ke hana zama ne.

Ga Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne. Malamai sun daɗe suna gargaɗi kan taswifi, wato "zan yi, zan yi". Hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza, in kuma wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ɗalibin da ya kwana yana "da na fara tun watan jiya" ya ƙara rasa dare ɗaya.

Bambancin sassauci da shagwaɓa kai yana cikin jimla ta ƙarshe. Mai shagwaɓa kai yana cewa: ba komai, na gaji, sai gobe. Mai sassauci yana cewa: na ɓata mako uku, abin ya dame ni, rabin ajinmu ma haka suke fama, yanzu shafi nawa zan iya kafin Magariba? In maganar ba ta ƙare da aiki mai lokaci da wuri ba, shagwaɓa ce ta sa rigar sassauci.

Yadda ake yi a aikace

A fara da kiran abin da sunansa, a takarda, layi ɗaya: "Ina gudun babi na biyu saboda ban san yadda ake haɗa bayanan marubuta ba, kuma ina jin kunyar tambaya." Sau da yawa a nan ake gano cewa matsalar rashin sani ce, maganinta kuma tambayar ɗan ajin gaba ko sufabaiza, minti goma. Sannan a rubuta abin da za a gaya wa amini in shi ne a wannan hali, layi uku kacal. Wanda ya zarce shafi guda ya koma ɗage aiki da sunan lallashin kai.

Sai a daddatsa aikin har ya zama abin da hannu zai iya kamawa. "Zan yi furojet" ba aiki ba ne, buri ne. "Zan karanta maƙala ɗaya in fitar da jimla biyar da kalmomina" aiki ne. Babi mai shafi 15, in ana rubuta rabin shafi kullum, kwana 30 ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne jadawalin tuba: wanda bai yi karatun awa ɗaya ba a mako uku ya rubuta awa takwas kullum. Ranar farko ya yi biyar, ya ga ya gaza, muryar ta dawo, ranar uku an koma gidan jiya. Gara a fara da minti 25 sau biyu a rana, a ƙara bayan mako guda.

A ɗaure aikin da wani abin da ba ya tashi. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ƙulla da "in kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi niyyar sake cika. Mu kuwa muna da turaku biyar a rana da ba sa motsi. "In na sallame Asuba, zan zauna a teburin nan in buɗe shafi na 12 kafin in taɓa waya." A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke narkar da mutum da rana, wanda ya ajiye karatu mai nauyi zuwa ƙarfe biyu ya shirya wa kansa faɗuwa, safiya ta ɗauki mai wuya, bayan La'asar ta ɗauki bita. Waya kuma a ba abokin ɗaki ko a kulle ta a jaka. Kife ta a kan tebur ba ya wadatarwa. In a wayar handawut ɗin yake, a kashe data kafin a buɗe shi.

Ranar da aka karya tsarin, kuma za a karya, doka ɗaya ce: ba a ramuwa. Wanda ya rasa zaman Talata ya yi na Laraba yadda yake, kada ya ninka. Ninkawa hukunci ne, hukunci kuma shi ne abin da ake gudu tun farko.

Iyaye ma suna da nasu, ko da yaron ya kai aji huɗu, domin waya tana kai muryar har hostal. Uba ya kira ya ce, "Kai, in ka sake ka kawo min kari-oba, kada ka dawo min gida." Daga ranar yaron zai fara ɓoye sakamako, kuma abin da aka ɓoye ba ya gyaruwa. Wani uban kuma zai ce, "Na ga sakamakon, bai yi min daɗi ba. Wane kwas ne ya fi ba ka wuya?" Yaron ya ce, "Lissafi ne, Baba." Ya ce, "To, wa ya iya shi a ajinku? Ka same shi cikin makon nan. Ranar Juma'a bayan masallaci zan kira ka ka gaya min inda kuka kai." Ba a sauke doka ba ko kaɗan, an ma sa ranar bincike. Gori ne kawai aka cire, da kwatanta shi da ɗan maƙwabci. Ga ɗaliba mai aure da ke haɗa girki, goyo da lakca, miji ko uwar miji da suka ɗauke mata yaro awa biyu sau uku a mako sun fi mata nasiha ɗari.

Akwai kuma inda duk wannan ba zai isa ba. In ɗalibi ya shafe mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abinci sun rikice, ko yana jin rayuwar ba ta da amfani, wannan alamar ciwon damuwa ce, sai a kai shi asibitin makaranta ko wajen likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jira ba. Haka wanda tun yana firamare ba ya iya tsayar da hankali, kullum cikin mantuwa da ɓatar da kaya, ko da a abin da yake so ya yi. Likita ne zai tantance ko larurar ƙarancin natsuwa ce, domin tana da magani da horo na daban. Mai shan ƙwaya ko maganin tari don ya kwana karatu kuwa, a fara da wannan kafin a zo maganar jadawali.